Babban Injin Merle Dombek

A garinmu Marlow, nan bakin Tafkin Huron, kana iya ce wa mutum karensa mummuna ne ya yi dariya, amma ka kuskura ka ce injin motarsa ba shi da murya, to kun ɓata ke nan har Kirsimeti. Kusan kowa a garin ya yi aiki a masana'antar mota, ko ubansa ya yi, ko ya auri 'yar wanda ya yi. Sai dai duk cikinmu babu wanda ya kai Merle Dombek sanin inji, in dai a fatar baki ne.

Shekara talatin da ɗaya Merle ya yi a masana'anta, kuma aikinsa guda ne tun ranar da ya shiga har ranar da aka sallame shi da agogon hannu: mota ta iso gabansa, ya ɗaura mata mariƙin ƙofar baya ta hagu, ta wuce. Na dama ma wani ne yake ɗaurawa. Amma in ka same shi ranar Asabar da safe a shagon Opal, inda maza ke shan kofi suna gyara duniya, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro fistan.

"Ni da kunne nake auna inji," in ji shi wata Asabar, yana kaɗa cokali a iska. "Ina cikin wanka mota ta wuce ta bayan gida, zan faɗa maka fulogi na nawa ne ya gaji."

"To na motarka na nawa ne ya gaji, Injiniya?" Lyle ne ya tambaya, ƙanin matarsa, mai garejin da ke bakin gada. "Don ranar Lahadi na ga Yaya Verna tana tura ka daga ƙofar coci."

"Likita ne ya ce ta riƙa motsa jiki."

"Da takalmin fita?"

Aka kwashe da dariya. Kunnuwan Merle suka yi ja. Shi kuwa idan kunnuwansa suka yi ja, bakinsa kan yi nisa ya bar hankalinsa a baya.

"Ka yi dariyarka," in ji shi. "Bana zan tayar da jar motar. Ranar Bikin Kifi ka fito da wannan gwangwanin naka mu tsaya a layi. Takarda da takarda."

Opal ta ajiye butar kofi.

Jar motar ta mahaifin Verna da Lyle ce, ƙirar 1969, ƙofa biyu, doguwar gaba, fentinta ja wur kamar nunannen ɗan itacen ceri. Da tsohon zai rasu sai ya bar wa Verna ita, bai bar wa Lyle ba, domin Lyle yana ɗan shekara sha bakwai ya sace ta ya jefa ta rami. Tun daga nan idon Lyle yake kanta. Shekara shida ke nan da injinta ya mutu, tana rumfar bayan gida, amma duk bazara Verna sai ta wanke ta, ranar haihuwar mahaifinta kuma ta shiga ta zauna a mazaunin direba ita kaɗai, ta kunna rediyo. Kuskuren Verna guda ne: wata shekara da take ganin Merle ya fara hankali, ta sa sunansa tare da nata a takardar motar.

Tseren takarda kuwa dokarsa tsohuwa ce a Marlow. Kowa ya kawo takardar motarsa, Opal ta rufe su a gwangwanin biskit. Wanda ya ci, motar ɗan'uwansa ta zama tasa, da sharaɗi ɗaya: shi da kansa zai tuƙa abin da ya ci ya fitar da shi daga fili. In ya kasa, ya sauka ya bar ta, ta koma wa mai ita.

"Ka tambayi Verna?" in ji Opal.

"Zan ba ta mamaki."

"Za ka ba ta kam."

Kafin Merle ya isa gida labari ya riga shi, don Opal tana da waya. Ya tarar da Verna tana murza ƙullin fiyerogi, wani abincinsu mai kama da sambusa, a kicin. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ɗaga kai ba.

"Merle, duk inda motar Baba ta kwana ranar Bikin Kifi, nan za ka kwana. In garejin Lyle ne, ka tafi da bargonka."

"Haba, Verna. Mota biyu za mu wayi gari da su. Ki fara tunanin inda za mu ajiye ta Lyle."

"Ina tunanin inda zan ajiye kujerarka."

Sai zaɓen inji. A nan gari ya rabu biyu, kamar yadda ya saba rabuwa tun kafin a haife mu. Kowa ya yarda silinda takwas ne, huɗu nan huɗu can, sun buɗe kamar harafin V. Wanda ya kawo zancen silinda shida a shagon Opal, shi kaɗai yake shan kofinsa. Rigimar ita ce ƙarami ko babba. Ƙaramin ba shi da nauyi, yana shiga gaban mota kamar ƙafa a tsohon takalmi, kayan gyaransa ko a kwandon shara ka duba ka samu. Babban kuwa ƙarfi gare shi kamar tashin duniya, amma ga nauyi, ga shan mai, ga zafi.

Har Lyle, da yake motar ubansa ce, sai da ya ba da shawarar gaskiya.

"Ka sa mata ƙarami irin wanda ta zo da shi. Ina da ɗaya a gareji, lafiyayye. Ba na son in ci mota in same ta a wahale."

"Ƙaramin inji na masu kai yara makaranta ne," in ji Merle. "Ni injin da nake so, in na tayar da shi a Marlow, a ji a Kanada, can ƙetaren tafki."

Ya ƙirƙiro ma'auninsa na kansa. Duk wurin tsofaffin motocin da ya je, sai ya durƙusa ya rungumi inji. In hannayensa suka haɗu ta baya, ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Jariri ne." Mako biyu yana rungumar injuna a faɗin jihar, ya lalata riga tara, har wani mai wurin ya tambaye shi ko ya yi rashi ne.

A ƙarshe, a nan gida, a wurin gyaran jiragen ruwa na tsoho Gunnar Eklund, ya ɗaga wani tamfol ya yi ido huɗu da shi. Shuɗi, ƙato, a zaune kan katako kamar bijimi a turke. Merle ya rungume shi. Tsakanin hannunsa na dama da na hagu sai da aka sami wurin da kare zai kwanta.

"Gunnar," ya ce, "na same shi."

To Gunnar mutum ne mai gaskiya, amma in ya fara gaishe ka da hantsi, sai rana ta take kafin ya kai ga tambayar iyali. Ya cire lofe daga baki, ya duba cikinsa, ya mayar.

"Wannan injin... daga jirgin ruwan wani Dakta ya fito. Su biyu ne a jirgin... tagwaye. Ɗan'uwan an saye shi bara. To shi wannan ɗin..."

"Shi ne ya rage, shi ne rabona."

"A'a, shi wannan ɗin, abin da ya sa ya rage..."

"Saboda garin nan matsorata ne. Gunnar, shekara talatin da ɗaya na yi a masana'anta. Kar ka koya wa kifi iyo."

Ya bar wa Gunnar injinsa na share dusar ƙanƙara a madadin kuɗi, aka kawo masa ƙaton har gida aka sauke a ciyawa.

Ɗaga shi a sa a mota shi ne aiki na farko. Lyle ya ce zai ara masa abin ɗaga inji na gareji. Merle ya ce ba ya cin tuwon abokin gaba. Kakanninmu, in ji shi, da reshen itace da sarƙa suka gina ƙasar nan. Itacen da ke gidan kuwa ɗaya ne, cerin Verna, wanda take cin gasar kek da 'ya'yansa duk shekara.

Maƙwabta suka fito da kujerun naɗewa suka jeru a bakin shinge. Wata ta kawo gugguru.

Merle ya rataya sarƙa, ya tofa yawu a hannu, ya fara ja. Inji ya tashi taƙi ɗaya, taƙi biyu, ya kai ƙugu.

"Kun gani? Lissafi ne kawai. Nauyi a nan, ƙarfi a can."

Reshe ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Merle, itacen nan yana magana," in ji wani daga shinge.

"Gaisuwa yake yi."

Rabin itacen ya sauko gaba ɗaya. Inji ya faɗa cikin fangalin tumatir ɗin Verna ya nutse har wuya, ceri ya yi ta zuba a kan Merle kamar ƙanƙara. Verna ta leƙo ta tagar kicin, ta dubi itacen, ta dubi tumatir, ta dubi mijinta da ganye a kunne, ta ja labule a hankali. Mu da muka san ta, wannan jan labulen ya fi ba mu tsoro fiye da ihu.

Washegari ya jawo ƙarfen lilon jikokinsa ya kafa a kan injin. Lilo ya lanƙwashe ya durƙusa kamar mai neman gafara. Rana ta uku sai ga Gunnar da motarsa mai ƙugiyar ɗaga jirage, ba wanda ya kira shi. Ya ciro injin daga tumatir, ya sauke shi a mazaunin inji na jar motar kamar mai ajiye ƙwai, sannan ya sauko, ya cire lofe.

"Merle... na zo ne dama in ƙarasa maka maganar nan. Shi jirgi mai inji biyu, in kana so ya tafi sak..."

"Sai ka riƙe sitiyari da kyau. Na sani. Verna, kawo wa Gunnar kek."

"Da wane cerin?" in ji murya daga bayan labule.

Aiki na biyu, bonet ya ƙi rufuwa. Kafireto ya tsaya a sama kamar hular limamin coci. Merle ya danna da hannu, ya hau ya zauna, ya kira maƙwabcinsa mai ƙiba suka zauna tare. Da bai rufu ba sai ya ce dama haka ya tsara: manyan motocin tsere duk kansu a waje yake. Ya cire bonet ya kife shi a ciyawa, ya auna, ya zana da alli, ya yanke rami mai kyau da zarto. Abin da ya manta shi ne bonet ɗin a kife yake. Da aka mayar, ramin yana gefe guda, kafireto yana ɗaya gefen.

Lyle, wanda yanzu kullum da yamma yake zuwa kallo, ya dafe ƙirji.

"Bonet ɗin Baba ne fa wannan, Injiniya."

"Wannan ramin na shan iska ne. Yanzu zan yanka na kafireto."

"Ka yanka na uku, mu riƙa zuba maka hankali ta ciki."

Verna ta fito wannan karon. Ta sunkuya ta ɗauki jan ƙarfen da aka yanke, ta goge shi da gefen rigarta, ta shiga gida da shi. Ko Merle sai da ya yi shiru na kusan minti guda, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka cire masa haƙori.

Ranar da aka tayar da inji kuwa, rabin gari ya zo. Motar tana kan jak, ba tayun baya, don Merle ya yi odar wasu masu faɗi kamar ganga waɗanda sai safiyar biki za su iso. Bututun hayaƙi guntaye ya sa, suka leƙo ta gefe, ba salansa ko ɗaya. Ya shiga, ya tabbatar ba ta cikin giya, ya murɗa makulli.

Gaskiya a faɗe ta: injin yana da murya. Tagogin unguwa suka ɗauki rawa, karnuka suka shige ƙarƙashin gadaje, hotunan auren Merle da Verna suka faɗo daga bango. Merle ya leƙo ta taga fuskarsa kamar an yi masa albishir da Aljanna.

Lyle yana tsaye a gaban motar. Iska mai zafi ta fito ta hancinta ta fige masa hula ta jefa a shingen maƙwabta. Ya tsaya yana kallon lagireto.

"Ya aka yi fanka take hura waje? Ai ciki ya kamata ta ja."

"Numfashi yake fitarwa," in ji Merle da ƙarfi. "Ƙaramin inji ke roƙon iska. Babba korar ta yake."

Lyle ya je ya ɗauko hularsa. A ransa ya ce Merle ya sayo fankar da ba ita ba, kuma ba aikinsa ba ne ya gyara wa abokin tsere. Can baya ana hango Gunnar yana ɗaga lofe sama, bakinsa yana motsi, amma ko ƙaho yake busawa ba mai jin sa.

"In tayu sun zo, ka zagaya unguwa da ita sau ɗaya," in ji Verna da aka kashe injin. "Sau ɗaya tak, Merle."

"In nuna wa Lyle sirrina? Zaki ba ya gwajin farauta."

Ranar Bikin Kifi ta zo da rana mai kyau. An rufe Titin Mashiga, wanda ya miƙe sak daga gangaren da ake sauke jirage cikin tafki har zuwa rumbun masara, rubu'in mil cif. Layin tashi yana daf da gangaren. Tsakaninsu aka kafa rumfar suyar kifi, da teburan matan coci, da 'yan badujalar makarantar sakandare.

Lyle ya iso da baƙar motarsa mai ƙaramin inji, ya ƙona taya kaɗan don ta kama kwalta, ya tsaya a layi. Merle kuwa a kan tirela aka kawo tasa, lulluɓe da zanen gadon Verna. Ya sa maza shida suka turo ta har layi a kashe. Ya sa farar rigar tsere da ya saya mai sunansa a ƙirji, wadda ta ƙi rufuwa a ciki kamar yadda bonet ya ƙi. Ya fige zanen. Aka yi tafi, domin duk da ramuka biyu jar motar tana da kyau.

"Ba za ka ɗumama taya ba?" in ji Opal, gwangwanin biskit a hammata, tuta a hannu.

"Tayar da ta san wanda ke tuƙa ta ba ta jin sanyi." Ya juya wajen Lyle. "Ka kalle ni da kyau yanzu, don daga nan sai dai ka ga bayana."

"Ka gaishe da bargonka," in ji Lyle.

Verna tana tsaye a teburin matan coci da cokalin miya a hannu. Gunnar ya ratso taro ya dafa tagar Merle.

"Merle... kafin ka saki kuloci..."

Merle ya murɗa makulli. Sauran maganar ta tafi da hayaƙi.

Ya sa giya ta ɗaya. Duk wanda ke kusa ya ga hannunsa, ta ɗaya ya sa. Opal ta ɗaga tuta, ta sauke.

Lyle ya tafi gaba kamar an harba shi. Merle ya tafi baya kamar an harba shi sau biyu.

Abin da ya ƙara wa abin armashi shi ne Merle bai sani ba. Idonsa ɗaya yana kan allurar inji, ɗaya yana kan motar Lyle, sai ya ga Lyle yana ƙanƙancewa da saurin da bai taɓa gani ba. Ya ce a ransa yaron nan ya ɓoye wani abu a injinsa. Sai ya jefa giya ta biyu, ya take totur har ƙasa.

'Yan badujala suka watse kamar kaji, mai babban ganga ya bar gangarsa, mota ta ɗauke ta a but. Matan coci suka yi tsalle irin wanda ba su yi ba tun suna 'yan mata. Motar ta bi ta tsakanin tebura biyu ba ta taɓa ko cokali ba, amma ta ɗauki igiyar rumfa, rumfa ta biyo ta, kwandunan soyayyen kifi suka tashi sama, tsuntsayen tafki suka sauko kamar an aika musu katin gayyata. Sai da Merle ya ga rumfar suyar kifi ta wuce shi ta gaba, alhali ya san a baya ya bar ta, sannan ya fara shakka. Ya taka burki. Amma ya riga ya hau gangare, gangare kuwa gansakuka gare shi. Jar motar ta sulale a hankali, cikin natsuwa, har tayun baya da but suka shige ruwa, ta tsaya hancinta yana kallon sama. Ganga ta yi gaba abinta, ta nufi Kanada.

Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Saboda haka aka samu damar yin dariya yadda ya kamata. Wani tsoho sai da aka ba shi ruwa.

Merle ya fito ta taga, ruwa har gwiwa, kifi ɗaya a kafaɗa.

"Dabara ce," in ji shi. "Ja da baya ga rago..."

"Ya kai tafki," in ji Opal.

Lyle ya dawo daga rumbun masara yana tuƙi da hannu ɗaya, yana share hawaye da ɗayan.

"Shekara talatin da ɗaya a masana'anta, bai san ribas da giya ta ɗaya ba. Opal, buɗe gwangwani."

"Ka san doka," in ji Opal. "Fitar da ita tukuna."

Verna ta ajiye cokalin miya. Ba ta dubi Merle ba. Motar take kallo, da ruwan da ke lasar jan fentin, fuskarta kamar ranar da aka binne tsohon.

Lyle ya naɗe ƙafar wando, ya shiga, ya shafa sitiyarin ubansa, ya leƙo ta taga.

"Injiniya, matso ka koyi karatu. Wannan ita ake kira giya ta ɗaya. Hagu, sannan sama. Ka gani? Ko ɗan shekara sha bakwai ya sani."

Ya tayar, ya saki kuloci da isa. Jar motar ta yi tsalle da baya ta ƙara shigewa tafki, ruwa ya kwararo ta ƙofofi ya cika masa cinya. Ya taka burki, ya zaro ido, ya dubi hannun giya. Ya ce wataƙila Merle ya haɗa sandunan giya a karkace, ya gwada ta biyu. Ruwa ya kai masa cibiya. Lyle kuwa duk Marlow an san bai iya iyo ba. Ya kashe inji, ya ja burkin hannu, ya fito ta taga da sauri har ya bar takalmi ɗaya, ya rarrafo kan gangare ya zauna kusa da Merle, su biyu suna ɗiga.

"Me ka yi wa motar Baba?"

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan."

A cikin hayaniyar, mutum ɗaya ce ta lura da Gunnar yana tsaye da lofe a hannu. Verna ta je ta jawo kujera biyu, ta zaunar da shi, ta zauna, ta haɗa hannu a cinya.

"Gunnar, faɗi maganarka. Ba inda za ni."

Taro ya matso. Gunnar ya duba cikin lofe, ya dubi tafki, ya yi gyaran murya.

"Jirgi mai inji biyu... in duka suna juyawa gefe ɗaya... karkacewa yake yi. Don haka ake ƙera ɗaya... ya riƙa juyawa akasin ɗan'uwansa. Mai juyawa irin na mota... shi aka saya bara." Ya nuna jar motar da lofe. "Wannan... shi ne ɗayan."

"Ma'ana?" in ji Verna.

"Ma'ana... yanzu motar tana da ribas huɗu... da giyar gaba guda ɗaya tak."

"Me ya sa ba ka faɗa ba tuntuni?" in ji Merle.

Gunnar ya mayar da lofe baki. Wannan karon bai ma wahalar da kansa ba.

Lyle ya yunƙura zai tashi. "To ai yanzu na gane. Bari in..."

"Ka sauka ka bar ta," in ji Opal, ta rungume gwangwani. "Gari duka ya gani, har da takalminka shaida."

Verna ta cire takalmanta ta miƙa wa Merle, ta tattare siket, ta shiga ruwa. Ta zauna a mazaunin mahaifinta, ta gyara madubi, ta murɗa makulli. Ƙaton ya yi tari sau biyu ya kama. Ta sa ribas, ta saki kuloci a hankali kamar mai sauke jariri. Jar motar ta yunƙura, ta hau gangare da fuskarta gaba, ruwa yana zuba ta kowace kafa, igiyar rumfa tana biye. Ta tsaya daidai wurin Opal, ta miƙa hannu, aka sa mata takarda.

"Lyle," ta ce, "ƙaramin injin nan da ka ce yana garejinka. Litinin da safe. Kai za ka ɗaura, ni zan tsaya a kanka. In ka yi da kyau, ranar haihuwar Baba ka zo mu zagaya tare. Ni zan tuƙa."

Lyle ya gyaɗa kai. "To, Yaya."

Merle ya matso da takalma a hannu, yana murmushi, ya kama ƙofa.

"Kin ga dai yadda ya ciro ki daga ruwa? Ƙaramin inji ba zai iya ba. Na faɗa muku ƙarfi gare shi."

"Saki ƙofar, Merle. Kai da ƙafa za ka zo. Ka biyo da zanen gadona."

Ta ja motar cikin gurnani mai girgiza gari, da saurin da bai fi na mai keke ba, mutane suna tafi gefe da gefe. Merle ya bi bayanta a jiƙe, takalman mata a hannu ɗaya, zane a kafaɗa, yara da tsuntsaye suna rakiya. Daidai ƙofar shagon Opal ya waiwayo ya dubi taron.

"Ku dai ku riƙe wannan," in ji shi. "A tarihin Marlow, ba wanda ya taɓa gudu da baya kamar ni."

Wannan kam ba wanda ya yi masa gardama.